Saƙon Da Matar Yayana Ta Goge

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni tela ce mai ɗan shago a Kwararafa, cikin Jos, ina ɗinkin mata da na yara, ina da aure da ƙananan 'ya'ya. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen da ke cikin labarin nan sun riga sun sha tonon asiri a hannuna. Mu 'yan Bukuru ne tun daga kakanmu da haƙar kuza ta kawo shi. Bayan rasuwar Baba muka watse, aure ya kai ƙanwata Kaduna, Yayanmu ya koma wajen Titin Bauchi saboda yana tuƙa bas, Inna kaɗai ta rage a tsohon gida. Duk wanda ya san ni a wancan lokacin da waya a hannu ya san ni. Ba mai tsada ba ce, amma ado nake yi mata kamar amarya. Hoton fuskarta ba ya daɗewa ban canja shi ba, kowa a danginmu da ƙarar da na ware masa, rubutun ma sai na sa masa salo mai lanƙwasa, har rigar wayar nakan zaɓa ta dace da atamfar da na ɗaura. Da ita nake sana'a, kwastomomi su turo hoton ɗinkin da suke so, ni kuma in ɗora wanda na gama a sitatus. Ni na buɗe guruf ɗin gidanmu, na sa hoton Baba a kansa, ni ce admin. A ganina a lokacin, ni ce mai riƙe da zumuncin gidanmu.

Wata rana wayar ta zame daga kan keken ɗinki gilashinta ya tsage, na kai ta wurin wani mai gyara a Titin Bauchi. Da ya gama yana goge ta, ya ga yadda na ƙawata ta, sai ya ce ai irina ba ta dace da manhajar hirar nan ta gama-gari ba. Ya ce akwai wata irinta sak wadda ba a samu a inda ake sauke manhajoji, hannu da hannu ake tura ta. A cikinta zan iya canja launin komai, in ɓoye cewa ina kan layi, in kalli sitatus ɗin mutum ba tare da ya san na kalla ba, in karanta saƙo alamar karantawa ba ta fito masa ba. Can a ƙarshe, kamar wanda ya tuna wani abu maras muhimmanci, ya ƙara da cewa ko mutum ya turo saƙo ya goge, a wurina yana nan zaune. Wallahi ni abin da na tambaye shi kawai shi ne ko akwai launin ruwan hoda. Ya ce akwai har kala-kala. Ya sa mini, na hau keke na koma shago ina murna.

Da farko abin dariya ne. Wani ya yi kuskuren rubutu ya goge, wata ta turo hoton da bai yi mata kyau ba ta janye, ni ina gani ina murmushi ni kaɗai. Sai ranar da wata kwastomata ta karɓi ɗinkinta, ta yi ta yabo a gabana, da ta koma gida ta turo mini saƙon da ƙawarta ta yi niyyar tura wa, tana cewa telar nan ta Kwararafa ta ɓata mata leshi, hannun rigar kamar buhu. Nan take ta goge. Bayan kwana kaɗan ta dawo da wani yadin tana fara'a, ni kuma na kasa sakin fuska. Daga nan na fara auna mutane da abin da suka goge, ba da abin da suka bari ba. Idan na ga alamar an goge saƙo, shi nake fara buɗewa kafin kowane. Na koma mai leƙen mutane ba su sani ba: wa ke kan layi bai amsa mini ba, wa ya ɗora sitatus ya sauke, me aka faɗa aka janye. Mutum zai shigo shagona mu gaisa, ni na san abin da bai san na sani ba, kuma babu halin in faɗa. Yanzu da nake tunawa, tun a lokacin gajiya ta fara kama ni, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, amma ban danganta ta da wayar ba.

Ana cikin haka hawan jini ya kayar da Inna. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da take cewa. Da aka sallame ta daga asibiti aka yanke shawarar a kai ta gidan Yaya, tunda shi ne babba kuma gidansa ya fi kusa da asibitin. Yaya kuwa daga sallar asuba yake fita da mota, sai magariba. Saboda haka jinyar gaba ɗaya ta faɗa kan matarsa, wadda muke ce wa Anti. Mace ce mai shiru-shiru, 'yar Bukuru ce ita ma, ba ta cika magana a guruf ba sai amin da sannu. Ita ke ɗaga Inna, ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ga nata yaran ga girki. Ni kuwa tawa jinyar a waya na yi ta. Kullum da safe sai na kira ta bidiyo Anti ta kara wa Inna wayar a fuska in ce ya jiki. Na haɗa hotunan Inna da addu'a da furanni a gefe na ɗora a sitatus, mutane suna ta turo mini Allah ya ba ta lafiya, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya yi ciwo. Nakan je idan na samu sarari, in kai lemo da ayaba, in zauna kaɗan in ɗauki hoto, in ce ɗinki ya yi mini yawa in tafi.

Wata rana da yamma ana ruwa, ina shago ina datsa wuyan riga, saƙon murya ya shigo guruf ɗin gidanmu daga Anti. Kafin in ajiye almakashi har ta goge shi. A wurin kowa abin da ya rage shi ne an goge wannan saƙon, a wurina kuwa yana nan. Na sa a kunne. Sunan yayarta ta fara kira, a nan na gane ba mu ta nufa da shi ba, hannunta ne ya kuskure. Muryarta a dashe take, ana jin ƙarar ruwa a kan kwano. Ta ce bayanta ya ƙi miƙewa, ta ce ko abinci ta sa a baki warin fitsari take ji, ta ce rabonta da barcin kirki har ta manta. Ta ce 'ya'yan Inna mata sun iya ɗora hotonta a sitatus, amma babu wadda ta taɓa wanke zanen gadonta. Sai ta ja hanci, sannan ta ce:

"Wani lokacin har cewa nake a raina, da Allah zai ɗauki ranta ta huta, ni ma in huta. Sai in dawo in yi ta istigfari."

Edita, zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa. Na gaya wa kaina cewa maganar mutuwar Inna ce ta ƙona mini rai, amma wadda ta fi shiga jikina ita ce ta sitatus da zanen gado. Na saurari saƙon nan har na haddace inda take jan numfashi. Sannan na fitar da shi daga manhajar na adana shi a can cikin wayar, inda ba zai ɓata ba.

Akwai maƙwabciyata a shago, wata mata Kirista 'yar asalin nan Filato mai gyaran gashi, ta girme ni, mun saba har abinci muke ci tare. Ita na fara sa wa saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ce ita ta yi jinyar uwar mijinta shekaru, ta san wannan muryar. Da irin Hausarta ta ce mini, "Madam, wannan ba maganar mugu ba ne, maganar gajiya ne. Mutum ya share abu, ka bar shi a share." Na ce mata ai ba uwarta ba ce shi ya sa. Ba ta ji haushi ba, ta koma kan kitsonta. Maigidana ma da na gaya masa cewa ya yi in goge shi tun kafin ya zama fitina, in kuma rufe shago ko na ƙarshen mako ne in je in karɓi Anti. Na ce to, ban yi ko ɗaya ba. Abin da na yi shi ne na ƙara yawan zuwa gidan Yaya, amma ba don taimako ba, don sa ido. Idan Anti tana fifita kunu kafin ta ba Inna sai in ce a raina don ina nan ne. Idan ta yi jinkirin fitowa daga kicin sai in ce ga shi nan. Ta lura na canja, ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Ta ce ko ta yi mini wani laifi ne, na ce babu komai. Haka na yi ta ɗauke da abin nan a ƙirjina makonni, ina gaishe ta ina jin muryarta a kunnena.

Ranar da abin ya fashe, Anti ta fita tsakar gida shanya, Inna ta yunƙura za ta ɗauki kofi ta zamo daga gado, goshinta ya kumbura, kafaɗarta ta bugu. Yaya bai fita aiki ba ran nan. Da hantsi ya rubuta a guruf, bai zargi kowa ba, ya ce dai lokaci ya yi da za mu riƙa karɓa-karɓa, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A ƙarshe ya ƙara da cewa ɗora hoto ba jinya ba ce. Wannan kalmar ce ta kwance mini kai. Na ce wato har sun zauna shi da matarsa sun yi da ni. Ina tsaye da dutsen guga a hannu, na ajiye shi, na shiga cikin wayar na lalubo saƙon nan na tura shi guruf, na rubuta a ƙasansa: ku ji wadda aka bar wa Inna. A guruf ɗin akwai kawunnanmu, akwai goggonninmu, akwai 'ya'yansu, har da surukai. Abin da ban sani ba, kuma da na tsaya na yi tunani da na sani, shi ne inda Yaya yake a lokacin. Yana zaune a bakin gadon Inna, Anti tana shafa mata man zafi a kafaɗa. Ya ga saƙon murya daga wurina, ya danna shi a fili kamar yadda muka saba yi don Inna ta ji gaisuwa. Su ukun suka saurare shi tare. Daga baya Yaya ya ce mini ya so ya kashe, yatsansa ya kasa samun wurin, har maganar ta kai ƙarshe.

Da zuciyata ta ɗan sauka na koma na goge, amma kowa ya riga ya ji. Yaya bai ɗaga wa matarsa hannu ba, bai kuma sake ta ba, amma ya faɗa mata maganganun da shi ma yake nadamarsu har yau. Anti ta ƙarasa shafa man, ta gyara wa Inna filo, ta lulluɓe ta, sannan ta haɗa kayanta ta tafi gidan iyayenta a Bukuru. Guruf ya kama da wuta, wasu na tsine mata, wasu na cewa a bi a hankali. Sai wani kawunmu ya tambaya, shin saƙon da aka goge tun tuni, ta yaya ya zo hannuna. Na yi bayanin manhajar, ina jin kamar na yi abin a yaba. Sai kowa ya koma yana tuna abin da ya taɓa turowa ya goge. Ƙanwata ta kira ni daga Kaduna, ba ta ko gaishe ni ba, ta tambaye ni ko na karanta wani saƙo da ta taɓa turo mini ta janye lokacin da suka samu saɓani da mijinta. Na ce na karanta. Ta ce kuma na zauna da ita a bikin suna ina kallonta ban ce komai ba. Ta kashe wayar.

Tunda babu mai kula da Inna a gidan Yaya, sai aka kawo ta wurina. A nan na san abin da ake ce wa jinya. Ban taɓa sanin mutumin da ya rame haka zai yi nauyi irin wannan ba. Kafin ka ɗaga ta ka zaunar ka gama haɗa gumi, ga sanyin Jos amma rigarka ta jiƙe. Dole a riƙa juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, a dafa ruwan wanka, a canja mata famfas, a ba ta abinci cokali-cokali rabi yana dawowa ta gefen baki. Damina ce, zannuwan gado ba sa bushewa, na ɗaura igiya har a cikin falo, gidan duk ya ɗauki wari. Shago ya zauna a rufe, kwastomomi suka zo suka karɓe yadinsu. Yarana suka koma zuwa makaranta ba karin kumallon kirki. Wayar da nake ji da ita sai ta wuni a kan firji babu caji ban ma tuna ba. Wata safiya na gama canja mata shimfiɗa tas, na juya zan fita da wankin, sai ta sake ɓatawa. Na kwashe na kai bakin famfo, na tsaya ruwa yana zuba a bokiti, sai na ji maganar nan ta taso mini daga ƙirji, kalma da kalma kamar yadda Anti ta faɗe ta. Ni da na fito daga cikinta, kuma ban yi ko rabin abin da Anti ta yi ba. Na zauna a kan dakalin famfon na yi istigfari, ko kukan ma ban samu ƙarfin yi ba.

Inna kuwa tun da aka kawo ta ba ta cika kallona ba. Idan na kawo abinci sai ta juya fuska bango, sai na yi ta lallashi. Sunan Anti take kira idan tana son a juya ta, sai ta ga ni ce ta yi shiru. Na ɗauka zafin abin da ta ji ne yake cinta, har wata rana ina goge mata baki na ce ta yi haƙuri, ta cire maganar matar nan daga ranta. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin maganar ta fito.

"Bakinta ne ya gaji," in ji Inna. "Hannunta bai taɓa gajiya da ni ba."

Ta huta, sannan ta ce ita ma tana roƙon Allah hakan, kusan kullum, a kan wannan gadon. Ta ce abin da ya dame ta ba abin da yarinyar ta faɗa ba ne, yadda aka sa ta ji kunya a gabanta ne. Ta ce in je in dawo mata da ita.

Na bar Inna da maƙwabciyata ta gida, na hau ƙaramar bas zuwa Bukuru. Mahaifiyar Anti ta amsa sallamata da ƙyar, ta nuna mini tabarma. Anti ta fito, ta rame, ta kawo mini ruwa ta zauna nesa kaɗan. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da ya same ni a bakin famfo, na gaya mata abin da Inna ta ce. Ta saurara tana kallon ƙasa. Ta ce ta yafe mini, don ita ma tana neman Allah ya yafe mata. Ta ce surutun dangi bai dame ta ba, zai wuce. Abin da ta kasa mantawa shi ne kafaɗar Inna tana ƙarƙashin tafin hannunta lokacin da muryar ke fita, ta ji yadda tsohuwar ta sandare. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce:

"Na goge shi ne don ni kaina ban yarda da shi ba. Ke kika mayar da shi maganata."

Na shanye ruwan da ta ba ni don kawai in samu abin yi da hannuna.

Manya suka shiga tsakani, bayan wani lokaci ta koma ɗakinta. Ranar da ta zo gidana duba Inna, tsohuwar ta kama gefen zanenta da hannun da ke aiki ta ƙi saki. Daga nan muka riƙa yin karɓa-karɓar da Yaya ya nema tun farko, wani lokaci a wurina, wani lokaci a wurinsu, ƙanwata ma ta zo ta yi nata. Bayan Babbar Sallah Allah ya yi wa Inna rasuwa, a gidan Yaya, kanta a kan cinyar Anti. Ba a daɗe da yin sadakar bakwai ba na wayi gari an rufe mini lambata a manhajar, wai ina amfani da wadda ba ta asali ba. Na koma wurin mai gyaran nan, ya cire ta ya sa mini ta gama-gari, ya ce amma tsofaffin hirarraki sai haƙuri, irin waccan ba ta ajiye su inda za a iya dawo da su. A cikin abin da ya tafi har da saƙonnin muryar Inna na lokacin da take da lafiya, inda take gaishe ni da safe tana sa wa yarana albarka, ta manta ba ta saki madannin ba ka yi ta jin kukan kajinta. Na bincike wayar ciki da waje ko zan samu guda ɗaya. Murya ɗaya ce ta tsira, ita ce wadda na fitar na adana da hannuna. A nan gaban mai gyaran na goge ta.

Yanzu muna zaune lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Yaya yana amsa gaisuwata, amma a taƙaice. Anti ba ta sake komawa guruf ba, kuma ba ta sake turo mini saƙon murya ko na rubutu ba. Idan tana da magana kira take yi, ta faɗi abin da ya kawo ta ta yi sallama. Muna haɗuwa a biki da suna, tana zuba mini abinci da hannunta, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Ƙanwata ta huce, amma na lura ba ta ƙara kawo mini kukanta ba. Guruf ɗin gidanmu yana nan, babu abin da ke shiga sai barka da Juma'a da sanarwar rasuwa. Na sauka daga admin na ba wani ɗan kawunmu. Na sake buɗe shago, wasu kwastomomin sun dawo, wasu ba su dawo ba. Gajiyar dai ba ta sake ni ba har yanzu.

Abin da na koya, ban koye shi da sauƙi ba. Kowane mutum yana da maganar da ke zuwa bakinsa lokacin da ya kai maƙura, wadda ba ita ce shi ba, kuma idan ya samu ya janye ta kafin a ji, rahama ce Allah ya yi masa. Ni na sa wa wayata abin da ya ƙwace wa mutane wannan rahamar, ban kuma ƙaru da komai ba sai zargi da nauyin zuciya. 'Yan'uwana, musamman mata irina masu son ƙawata waya, idan aka ce za a sa muku manhajar da ke nuna abin da aka ɓoye muku, ku tambayi kanku me za ku yi da shi bayan kun gani, don ba a mayar da ji baya. Kada ku tura muryar wani inda bai aike ta ba, ko da kuna ganin kuna da gaskiya, ba ku san a gaban wa za a danna ta ba. Wanda kuma yake da majinyaci a hannun wani, ya daina tsayawa a ya mai jiki ta waya. Ya je da ƙafarsa, ya naɗe hannun riga, ya ce wa mai jinyar ta shiga ɗaki ta kwanta. Da na yi wa Anti haka ko sau ɗaya ne, ina jin da ba ta ma kai ga ɗaukar wannan saƙon ba. Ina roƙon masu karatu su sa Inna a addu'a, su sa matar Yayana ma, ita ta fi ni cancanta.